Tsoho Mai Rawa da Takardar Zama

Yayana Tsoho bai taɓa iya tafiya irin ta mutane ba. Tun muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Daura, in an aike shi rijiya sai ka ga ƙafarsa tana wani abin da ba a sa ta ba, babarmu tana zaginsa tana dariya. Ni ce ƙanwarsa Shatu, ni na biyo bayansa tun daga can har Makka, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Sunan kakanmu ya ci, shi ya sa ake ce masa Tsoho. Yana ɗan saurayi ya shiga 'yan hoto, masu cilla garma sama su tare ta da ƙirji, kafin gemu ya fito masa an san shi a duk kasuwannin da ke kewaye da mu.

Babanmu ne ya ɗauko mu hanyar hajji a ƙafa. Muka yi shekaru muna tafe muna zama. Babarmu ta rasu a ƙasar Wadai, shi kuma Baba a gonakin auduga na Sudan, ya bar mu a hannun abokinsa Baba Sabo, makaɗin ganga, wanda shi ne yake yi wa Tsoho kiɗa tun a gida. Mu uku muka tsallako teku cikin jirgin ruwan wani Balarabe, ya sauke mu a gaɓar da babu gari, babu mai tambaya. Ba wanda ya ba mu takarda, ba wanda ya nema a hannunmu. A wancan zamani in Takari, wato baƙo daga ƙasashenmu, ya iso ya yi ɗawafi, ya sami inda zai kafa rumfa a unguwar Misfala, shi ke nan ya zama ɗan unguwa.

Mutanen Hijaz suna da wata rawa da suke kira mizmar. A hura wuta a fili, maza su kewaye ta suna tafi suna amshi, a riƙa shiga biyu-biyu da doguwar sanda ana juya ta. Kowace unguwa da samarinta, kuma kowace tana jin ta fi maƙwabciyarta. Tsoho ya tsaya ya kalla, ya ari sanda ya shiga. To, wanda ya saba da garma, mece ce sanda a wurinsa? Kafin shekara ta zagayo ba a biki a Misfala ba tare da shi ba. Masu mulki ba sa son ganga, sai an nemi izini, sai biki ko sallah, kuma a koma gefen gari. Duk da haka rawar ta ciyar da shi. Ana ba shi shinkafa da nama da tufa, ana sa masa kuɗi a rawani. Umda, wato mai unguwarmu, ranar da samarin Misfala suka kunyata na Jarwal, da hannunsa ya cire mayafin kafaɗarsa ya yafa wa Tsoho a gaban jama'a. Ku riƙe Umdan nan a ranku, za ku ga irin halinsa.

Ya auri Ramlatu, 'yar Hausawa ce amma haihuwar Makka, kakanta ya zo tun zamanin Turkawa. Hausarta rabi Larabci ce, ina tsokanarta tana ramawa. Suka haifi Dawuda, sannan Rumasa'u. Ban taɓa ganin namijin da yara suka mallake kamarsa ba. Ya dawo daga biki jikinsa duk hayaƙi, ya ɗora Rumasa'u a wuya yana zagaya tsakar gida da ita har ta yi barci.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare da 'yan shekaru, sai aka fara zancen iƙama. Da farko a wurin shan gahawa ake yi, ƙasa-ƙasa. Wai duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba sai ya riƙe takardar zama, a rubuta sana'arsa a ciki, a rubuta sunan wanda ya tsaya masa. Wanda ba shi da ita, mota za ta kai shi Jidda, jirgi ya tsallaka da shi. Muka yi dariya, muka ce wa zai iya ƙirga Takari a Makka. Ba a daɗe ba dariya ta ƙare. Maƙwabcinmu Garba mai wanki ya fita sayo sabulu da hantsi, sai kwandonsa aka kawo wa matarsa. Motar ba ta da rana, ba ta da lokaci. Wata rana a kasuwa, wata rana a bakin masallaci bayan la'asar. In an ji ƙarar babbar mota a ƙasan layi, sai ka ga mata sun daina daka suna saurare.

Ni Allah ya rufa mini asiri, mijina yana aikin gini ƙarƙashin wani ɗan kwangila, aka haɗa ni a takardarsa. Ramlatu 'yar ƙasa ce. Tsoho ne kaɗai a fili, ga shi kuma ba mutumin da zai ɓuya ba ne, kowa ya san fuskarsa.

Ya je wurin Umda da ƙwarin gwiwarsa. Umda ya ba shi shayi, ya tambayi yara, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce:

"Ɗana, ina sonka, Allah ya sani. Amma a wurin hukuma babu sana'a mai suna rawa. In na sa hannu a kan haka, kaina na kai ƙara. Je ka nemo sana'a, sai na shaida kai ɗan unguwata ne."

Ji fa! Mutumin da ya yi shekaru yana tinƙaho da yayana a gaban sauran masu unguwanni, yau shi ne yake cewa a nemo sana'a. Da Tsoho ya gaya mini, na ce bari in je in wanke Umda tas, ya riƙe mini hannu ya ce in zauna. Ya bi duk attajiran da ya yi rawa a bikin 'ya'yansu. Kowa ya yi masa fara'a, kowa ya ce a dawo jibi. Ba wanda yake so a ga sunansa kusa da na mai rawa.

Daga ƙarshe Malam Awwalu ne ya karɓe shi, shugaban 'yan ga-ruwa na unguwar. Bahaushe ne haihuwar nan, mutum mai kaɗan magana. Masu ruwa suna ɗiba a bazan, wato wurin da ruwan gari yake fitowa, garwa biyu a rataye jikin sanda a kafaɗa, su hau da shi gidajen da ke kan duwatsu. Malam Awwalu ya ce zai tsaya masa, za a ba shi takardar wucin gadi, in an gama hajji ba a sami abin cewa ba sai a ba shi ta gaske. Amma ba suna kawai zai ara ba, sai ya ɗauki ruwa da gaske, domin mutanen ofishin sun gane dabarar, kafaɗar mutum suke dubawa. Mai ruwa na gaskiya kafaɗarsa tana da kanta, baƙa, mai tauri. Sannan ya ƙara da abin da ya fi komai:

"Sunana zan ɗora a kanka, kuma akwai gidaje da yawa da suke ci a ƙarƙashin sunan nan. Ran da aka ce an gan ka kana rawa, ban san ka ba."

Tsoho ya ce ya ji. A Rajab aka yi wannan magana.

Wayyo, na ga abin tausayi. Jikin da aka saba yi wa kirari, shi ne yake hawa matakalar dutse da garwa biyu tun asuba. Kafaɗar ta kumbura, ta fashe, riga tana manne mata. Na kawo man shanu zan shafa masa, ya ture hannuna ya ce kada in tausasa ta, so yake ta yi tauri da wuri. Ramlatu ta shiga ɗaki tana kuka don kada ya gani. Samarin da da suke rububin riƙe masa sanda, yanzu in sun hango shi sai su shige lungu, kunya ta hana su gaisawa. Shi kuwa bai taɓa ƙorafi ba. In ya dawo ya zauna, ya ɗora Rumasa'u a cinya, domin wuya ya daina ɗauka.

A wannan lokaci ne wani mutum ya fara zama a wurin shan gahawa da ke kallon bazan. Siriri ne, da farar riga tsaf, da baƙar laima da yake jinginewa jikin kujera. Ba ɗan unguwa ba ne, kuma ba wanda ya san sunansa, amma kowa ya san daga ofishin takardu yake. Ba ya kama kowa, ba ya ɗaga murya. Shayinsa kawai yake sha yana kallon masu ruwa. Wata rana ya tambayi mai gahawa, wai wancan dogon ba shi ne mai rawar nan ba? Mai gahawa ya ce da can ne, ya tuba. Mutumin ya ce madalla, ya ci gaba da shan shayinsa. Washegari ya dawo, ya sake yi wa wani tambayar. 

Azumi ya zo ya wuce. Ran sallah aka yi mizmar a fili, Tsoho ya rufe kansa a ɗaki tun azahar, ya ce wa Ramlatu in an zo nemansa ta ce zazzaɓi yake. Muna jin tafi daga nesa. Na leƙa na same shi zaune ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu kamar mai riƙe akuya. Ya tsallake wannan, muka yi hamdala. Kafaɗa ta yi kanta, alhazai sun fara cika gari, saura kaɗan.

Shi kuwa Baba Sabo ya tsufa, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Tun da Tsoho ya bar rawa ba a cika kiransa ba, ni nake aika masa da abinci. Mun gaya masa komai, mun gaya masa sharaɗin Malam Awwalu, ya ce ya gane. Ashe da kunne ya gane.

A watan Shawwal ɗan ƙanen Umda ya yi aure. Babban biki, an sami izinin ganga, aka hura wuta a filin bayan gidan tun bayan la'asar. Gidan biki kuwa ruwa yake sha kamar rairayi, Malam Awwalu ya tura duk mutanensa, har da Tsoho. Na ce masa ya ce ba shi da lafiya. Ya ce mutumin laima yana lura da wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, gara a gan shi da garwa a ranar kiɗa, kowa ya shaida. Ya ce ta lungun baya zai bi, ba zai ko kalli filin ba. Lungun kuwa akwai inda yake buɗewa, a hango filin, taku kaɗan ne a wuce.

Ina kan soro tare da mata, ina gani. An kira Baba Sabo saboda girmansa, an zaunar da shi cikin makaɗa. Tsoho ya wuce sau da yawa, kansa a ƙasa, ba abin da ya faru. Sai wani mai dogon baki, har yau ban san ko wane ne ba, Allah ya isa, ya sunkuya ya ce wa Baba Sabo ga Tsoho can yana wucewa da ruwa.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba sai an yi masa bayani. Kowane ɗan wasa yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, da an kaɗa kowa ya san da wa ake. Makaɗinka kuwa in ya san kana kusa, ganga tana hannunsa, ya bar ka ka wuce bai kaɗa takenka ba, to ya ce ka mutu ke nan, ko ya yar da kai. Ba a yi. Shi kuma mai take, in ya ji, sai ya amsa ko da ɗaga hannu ne, in ba haka ba ya wulaƙanta mai kiɗa a bainar jama'a. Baba Sabo ya yi wa Tsoho wannan take tun yana yaro. Sai kawai na ji sauran ganguna sun lafa, tasa ta canza murya.

Tsoho ya tsaya cik a bakin lungu. Wallahi bai shiga fili ba. Bai taɓa sanda ba, bai ma sauke garwa ba. Hannayensa biyu suna riƙe da igiya, ba halin ɗagawa, ga ganga tana ta kira, dattijo makaho yana kaɗawa yana juya kai yana nemansa. Na ga kafaɗarsa ta motsa.  Ya ɗaga diddige ya juya sau ɗaya, garwa biyu suka tashi suka kewaye shi, ya dire, ya sunkuyar da kai wajen Baba Sabo, ya ci gaba da tafiyarsa. Iyakar abin ke nan. Amma filin nan gaba ɗaya ya ɗauka da sunansa, mata suka saki guɗa, wawaye, har da na kusa da ni. Da na duba gefen masu kallo, sai ga baƙar laima a naɗe, mai ita yana tsaye. Bai yi tafi ba, bai ɓata rai ba. Ya ɗan jima sannan ya tafi.

Washegari ba abin da ya faru. Jibi ma haka. Tsoho yana fita aiki, yana dawowa. Kujerar mutumin a wurin gahawa ta zama ba kowa, wannan ya fi zamansa tayar mini da hankali. Malam Awwalu ya daina haɗa ido da Tsoho. Ramlatu ta daina cin abinci, ta ɗaure 'yan kayansa a ƙunshi ta ɓoye bayan tabarma, da na gani na yi mata faɗa na ce mugun fata take yi, alhali ni ma abin da ke raina ke nan. Na ce wa Tsoho ya gudu Ɗa'ifa ko ya shige cikin alhazai har ƙura ta lafa. Ya ce in ya gudu ya tabbatar da laifin, kuma ya jawo wa Malam Awwalu. Ya ce ai bai yi rawa ba, juyi ɗaya ne, kowa ya gani.

Ana cikin haka aka aiko askari, ya ce ana neman Tsoho da Malam Awwalu a ofis. Ban shiga ba, mata ba sa shiga, a bakin ƙofa muka tsaya ni da Ramlatu cikin rana. Abin da ya gudana wani mai shara a wurin ne ya gaya mini daga baya. Mutumin laima ya sa Tsoho ya buɗe kafaɗa, ya duba, ya danna da yatsa, ya ce lalle kafaɗar mai ruwa ce, ba shakka. Tsoho ya yi bayaninsa, bai shiga fili ba, bai riƙe sanda ba, ruwa ma bai zube ba. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai ya daɗe a garin nan, bai taɓa jin unguwa guda ta kira sunan mai ruwa da guɗa ba. Ya juya wajen Malam Awwalu ya tambaye shi ko har yanzu yana tsaye wa wannan mutumin, ya tuna masa yawan waɗanda suke jiran takardarsu ta hannunsa.  Sai Malam Awwalu ya ce:

"Ya taɓa yi mini aiki."

Na yi shekaru ba na amsa gaisuwar Malam Awwalu. Na san ya faɗa tun farko, na san bayin Allah da yawa suna bayansa, duk na sani. Amma zuciyata ba ta yafe ba, ba kuma zan yi ƙaryar cewa ta yafe ba. Umda kuwa a ranar wai ya tafi Jidda duba ɗan'uwansa, tir.

Aka bar mu muka gan shi kafin motar ta tashi. Suna da yawa a baya, a tsaye, ana riƙe da katako. Ramlatu ta miƙa masa ƙunshin, ta ce za ta sayar da komai ta biyo shi da yara ko ina ne. Ya sunkuyo ya ce mata:

"Kada ki biyo ni. In kin fitar da su, su ma ba za a bar su su dawo ba. Ni zan dawo, ki riƙe su a nan."

Dawuda ya gane, ya ƙanƙame ni. Rumasa'u ba ta gane ba, tana ta miƙa hannu a ɗora ta a mota.

Daga can gidan Baba Sabo na nufa, bakina cike da abin da zan faɗa masa. Na same shi zaune a ƙofar rumfa, an riga an gaya masa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Shatu, da na bar shi ya wuce, da na binne shi da ransa." Sai hawaye suka zubo masa daga idon da ba ya gani.  Na zauna muka yi kukan tare. Shi da ba shi da ko ƙyallen takarda, ba wanda ya taɓa zuwa nemansa, a nan ya rasu shekarar da ta biyo.

Tsoho bai koma ƙasar Hausa ba, ya ce can ya yi nisa da yara. A bakin teku ya tsaya, a tsallake, a ƙasar Sudan, cikin Takarin da hanya ta tsaya musu. Ya yi ƙoƙarin tsallakowa a ɓoye, aka kama jirgin aka mayar da su. Ya nemi izini ta hanyar hukuma, aka ce wanda aka kora ba a ba shi. Duk shekara in alhazai sun iso ta can, ni da Ramlatu mu bi masauki-masauki muna tambaya, kuma ba mu rasa wanda ya gan shi. Ruwa yake sayarwa a tashar jirgi. Sun ce in an yi biki an kaɗa ganga, sai ya ɗauki garwarsa ya bi wani layin. Duk wanda ya ji zai tsallako, sai ya bi shi har bakin jirgi yana cewa in ya je Misfala ya dubo masa tsawon Dawuda.

Wanda ya kawo mana labari na ƙarshe wani malami ne daga Haɗeja. Ya ce ya bar Tsoho gashi duk ya yi fari, kuma Tsoho ya ba shi saƙo a tambayi Ramlatu ko Rumasa'u ta fara zuwa makarantar allo, in ta fara kada a bari malam ya dake ta, don yarinya ce mai tsoro. Rumasa'u tana zaune a wurin, goye da ɗanta na biyu. Ta juyo ta tambaye ni da Larabci, wai baban nata dogo ne ko gajere.